PostgreSQL ko MySQL: wanne za ka iya riƙewa ranar da rumbun bayananka ya yi nauyi?

Ranar da wata makaranta da nake taimaka wa da aikin kwamfuta ta saki sakamakon zangon ƙarshe, tun kafin azahar shafinta na intanet ya tsaya cak. Iyaye sai kira suke yi, shugaban makaranta ya rasa inda zai sa kansa. Matashin da ya rubuta manhajar ya kira ni muryarsa na rawa, ya ce, "Malam, MySQL ɗin nan ya gaza. Ina ga sai mun koma PostgreSQL." MySQL da PostgreSQL manhajoji ne biyu na rumbun bayanai, masu ajiye bayanai a tebur-tebur su fito da su idan an tambaya. Na ce masa ya dakata, ya kunna mana rajistar tambayoyi masu jinkiri tukuna, wato jerin buƙatun da rumbun ya daɗe kafin ya amsa. Ba mu yi rabin sa'a ba muka ga mai laifin. Iyaye suna neman sakamako ne da lambar waya, an ajiye lambobin a matsayin rubutu, amma manhajar tana aika su a matsayin adadi, babu alamar zance a gefe da gefe. Idan aka yi wa MySQL haka ba ya ƙorafi. Sai ya ajiye fihirisar da aka yi wa gurbin lambar a gefe, wato jerin da ke kai shi ga layi kai tsaye, ya bi layukan tebur ɗaya bayan ɗaya yana mai da kowane rubutu adadi don ya gwada. Amsa tana fitowa daidai, shi ya sa shekara guda ba wanda ya lura. Da PostgreSQL ne, da tun ranar farko ya ƙi tambayar ya ce rubutu da adadi ba sa gwaduwa.

Wannan ƙaramin abin ya nuna halin su biyun fiye da duk wani gwajin gudu da za ka gani an buga. Dukansu suna ɗaukar aikin da ya ninka naka sau dubu. Abin da ya raba su shi ne inda kowanne ke neman kulawarka, da irin kuskuren da yake yafewa, da wanda yake ajiye maka sai ranar da jama'a suka yi yawa.

Sau da yawa ma zaɓin ba a hannunka yake ba. WordPress, manhajar gina shafukan intanet, da MySQL ko ɗan'uwansa MariaDB yake tafiya, haka OpenMRS da ake ajiye bayanan marasa lafiya da shi. Odoo kuwa, manhajar tafiyar da kasuwanci, PostgreSQL kaɗai ya sani, haka DHIS2 na Jami'ar Oslo wanda ake tattara alƙaluman lafiya da shi a Najeriya da ƙasashe da dama. Idan kuma ƙaramin masauki na haya ka saya, irin wanda kuke raba saba ɗaya da ɗaruruwan mutane, galibi MySQL ko MariaDB za ka tarar, kuma ba za a bar ka ka taɓa saitinsa ba. Maganata da wanda zai fara sabon aiki ne, ko wanda ke tunanin ƙaura. A taƙaice, PostgreSQL ya samo asali ne daga aikin POSTGRES da Michael Stonebraker ya jagoranta a Jami'ar Kaliforniya da ke Bakli tun 1986, kuma ba mallakar kamfani ɗaya ba ne. MySQL ya fito a 1995 daga Suwidin, kamfanin Sun ya saye shi a 2008, kamfanin Oracle ya gaje shi a 2010, Michael Widenius kuwa, ɗaya daga cikin waɗanda suka ƙirƙiro shi, ya ɓalle ya kafa MariaDB tun a 2009. Duk abin da zan faɗa kan MySQL ina nufin injinsa na ajiye bayanai mai suna InnoDB ne, wanda ya zama na asali tun daga sigar 5.5.

Mu fara da ƙwaƙwalwa, wato RAM ɗin sabar, don nan ne aka fi samun riba da ƙaramin aiki. Abin mamaki, dukansu biyun suna zuwa da megabait 128 kacal a matsayin ma'ajiyar shafukan da ake yawan karantawa. Na sha ganin saba mai gigabait 16 tana nishi alhali rumbun yana zaune a cikin wannan ɗan akurkin, ba wanda ya taɓa buɗe masa ƙofa. A MySQL maganin guda ne: innodb_buffer_pool_size. Idan sabar ta rumbun ce kaɗai, littafin jagoransu ya yarda ka ba shi har kashi 80 cikin 100 na ƙwaƙwalwar. Ka ɗaga wannan, ka gama fiye da rabin aikin saiti. PostgreSQL ba haka yake ba, domin yana jingina da ma'ajiyar tsarin kwamfutar kanta. Shawarar da aka saba ita ce a ba shared_buffers kashi 25 cikin 100, sannan a gaya masa ta effective_cache_size yawan abin da ake sa ran tsarin zai riƙe masa. Sai kuma work_mem, wanda yake zuwa da megabait 4, kuma nan ne mutane ke ƙona hannunsu. Ba kason saba ba ne, ba ma kason mutum ɗaya ba ne. Kason kowane jerawa ko haɗawa ne a cikin kowace tambaya. Ka mai da shi megabait 256 don rahoto ɗaya ya yi sauri, mutum hamsin su shigo lokaci guda, ƙwaƙwalwa ta ƙare, tsarin ya kashe rumbun. Abin da ya dace shi ne ka bar shi ƙarami ga kowa, ka ɗaga shi ga mai fitar da rahoton kaɗai. Akwai kuma random_page_cost da ke zuwa da 4.0, lissafin zamanin faifai mai juyawa. A kan SSD mutane da yawa suna saukar da shi zuwa wajen 1.1, sai ka ga rumbun ya fara amfani da fihirisoshin da a da yake gudu. A wannan fannin MySQL ya fi sauƙi, ba gardama.

Amma ba a nan gizo ke saƙar ba. Babban bambancin yana wurin abin da ke faruwa idan ka canza layi. Dukansu suna barin mai karatu ya ci gaba da ganin tsohon bayani yayin da mai rubutu ke canza shi, don kada wani ya tsaya jiran wani. Inda suke ajiye tsohon ne ya bambanta. InnoDB yana gyara layin a inda yake, ya kai tsohuwar sigar wani kundi na daban, daga baya ya share ta a hankali. PostgreSQL kuwa ba ya gyara layi ko kaɗan. Sabo yake rubutawa, ya bar tsohon a cikin teburin a matsayin matacce. Ka ɗauki teburin da ke riƙe kuɗin da ya rage a asusun kowane abokin ciniki. Duk cinikin da aka yi, an haifi sabon layi, an bar gawa. Mai kwashe gawarwakin shi ne VACUUM, kuma akwai ma'aikaci mai suna autovacuum da ke yin sa da kansa. Sai dai saitinsa na asali yana jira ne sai matattun layuka sun kai kusan kashi 20 cikin 100 na tebur. A tebur mai layi dubu goma wannan ba komai ba ne. A mai layi miliyan goma, matattu miliyan biyu ke nan kafin a ɗauko tsintsiya. Teburin ya kumbura, fihirisoshinsa su kumbura, tambayar da a da take ƙiftawar ido ta koma jan ƙafa, kai kuma ba ka canza ko harafi ɗaya a manhajarka ba.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne yadda wasu ke ganin autovacuum yana cin faifai sai su kashe shi. Wannan ɗebo ruwan dafa kai ne. PostgreSQL yana ƙidaya mu'amaloli, wato rukunan canje-canjen da ke shiga tare ko a janye su tare, da lamba mai iyaka, kuma idan aka doshi biliyan biyu ba a daskarar da tsofaffin layuka ba, sai ya daina karɓar rubutu gaba ɗaya don ya kare bayananka. VACUUM ne ke yin wannan daskarewar. Maganin autovacuum mai damu shi ne a sa shi ya riƙa zuwa da wuri yana shara kaɗan-kaɗan, wato a saukar da autovacuum_vacuum_scale_factor a kan manyan teburan da ake yawan canzawa, kowane tebur da nasa.

Akwai wani reshen wannan matsalar. Tunda sabon layi sabon wuri yake samu, dole fihirisoshin tebur su san sabon adireshin. Tebur mai fihirisa goma, canji ɗaya na iya zama rubutu goma sha ɗaya. Wannan na cikin dalilan da injiniyoyin Uber suka bayar a 2016 lokacin da suka bayyana abin da ya sa suka bar PostgreSQL suka koma MySQL. Har yau ana jawo wannan labarin a matsayin hujja, amma ya kamata a ji shi da sauransa. PostgreSQL yana da dabarar da ake kira HOT tun sigar 8.3: idan gurbin da ka canza ba shi da fihirisa, kuma akwai fili a cikin shafin, sabon layin zai zauna kusa da tsohon ba tare da an taɓa fihirisa ko ɗaya ba. Shi ya sa ake rage fillfactor, saitin yawan cika kowane shafi, a teburan da ake yawan canzawa don a bar musu fili, kuma shi ya sa bai kamata ka sa fihirisa a kan gurbi irin na "lokacin canji na ƙarshe" ba sai da dalili mai ƙarfi. Duk da haka gaskiya ɗaya ce: idan aikinka canza layuka ƙanana ne dare da rana, kuma ba ka da mai zama ya kula da rumbu, InnoDB zai fi barinka ka yi barci.

Wani ciwon kuwa na su biyun ne. Mutum ya buɗe mu'amala ya tafi cin abinci bai rufe ba, ko manhaja ta manta da ita. Muddin tana buɗe, PostgreSQL ba zai iya kwashe matattun da aka yi bayanta ba, InnoDB ma kundin tsofaffin sigoginsa zai yi ta tsawo. Ƙaura daga wannan zuwa wancan a kan wannan matsalar, an gudu ne ba a tsira ba.

Inda MySQL ke karɓar nasa harajin shi ne ranar zana tebur. A InnoDB teburin kansa a jere yake bisa babban mabuɗi, wato gurbin da ke bambanta kowane layi da sauran, kuma kowace fihirisa ta biyu tana ɗauke da kwafin wannan mabuɗin a kowane layinta. Idan mabuɗin ƙaramar lamba ce mai hawa ɗaya bayan ɗaya, sabbin layuka suna sauka a ƙarshen tebur cikin tsari, neman layi da lambarsa kuma yana da saurin gaske. Idan ka zaɓi UUID, doguwar lambar shaida, irin wanda ake haɗawa da ka, ka ajiye shi a matsayin rubutu mai harafi 36, kowane sabon layi zai faɗa tsakiyar wani shafi daban, shafuka su yi ta tsagewa, fihirisoshi su yi ƙiba. Ba za ka ji komai ba muddin teburin yana shiga cikin ƙwaƙwalwa. Ranar da ya fi ƙarfinta ranar za ka ji a jikinka, kuma canza babban mabuɗin teburin da ya riga ya girma aiki ne na sake gini. PostgreSQL ma ba ya son irin wannan mabuɗin, amma ciwon ya tsaya a fihirisar, bai shafi jerin teburin ba. Idan dole sai UUID, akwai siga ta 7 da aka daidaita a 2024, wadda ke farawa da lokaci, don haka tana hawa a jere.

A nan zan ɗan ratse, don abin ya shafe mu kai tsaye. Kafin sigar 8.0, MySQL yana zuwa ne da tsarin haruffa na latin1, wanda bai san ƙ da ɗ da ɓ ba. Tsofaffin rumbuna da yawa suna nan da wasu teburan a latin1, wasu da aka ƙara daga baya a utf8mb4, tsarin da ya san haruffan namu. Bayan lalata sunaye irin su Ɗanladi da Ƙasimu, haɗa tebur biyu ta gurabe masu tsarin haruffa daban na iya hana amfani da fihirisa. Idan ka gaji tsohon rumbu, duba wannan da wuri.

Sai maganar masu shigowa. PostgreSQL yana ɗaukar wa kowane haɗi ma'aikaci guda cikakke, da nasa kason ƙwaƙwalwa, kuma yana zuwa da iyakar 100. MySQL yana amfani da zaruruwa masu sauƙin nauyi a cikin ma'aikaci ɗaya, iyakarsa ta asali 151 ce, kuma ya fi jure manhajar da ke buɗe haɗi ta rufe a kowane shafi, kamar yadda yawancin ayyukan PHP ke yi. Idan PostgreSQL ya ce haɗi ya cika, kada ka mai da max_connections dubu biyu. Ka sa PgBouncer a gabansa, ya riƙa karɓar ɗaruruwan baƙi yana shigar da su ta ƙofofi ashirin ko talatin. Yana aiki sosai, amma ƙarin kaya ne da za ka koya ka kuma kula da shi, kuma ya kamata ka sa shi cikin lissafi tun farko.

Duk wannan zai sa ka zaci ina tura ka wurin MySQL ne. To ga ɗaya gefen, kuma a ganina shi ya fi nauyi ga yawancin ayyukan da ake kawo min. Da zarar aiki ya kai shekara, masu shi za su fara neman rahoto. Nawa aka sayar a kowane reshe a kowane wata, su wa ake bi bashi fiye da kwana casa'in, wane aji ne ya fi faɗuwa a lissafi cikin shekara uku. Irin waɗannan tambayoyin masu haɗa tebur biyar ko shida su ne gonar PostgreSQL. Mai tsara masa hanya, wato ɓangaren da ke zaɓar yadda za a gudanar da tambaya, ya daɗe da sanin hanyoyin haɗa tebur iri uku, kuma tun sigar 9.6 ta 2016 yana iya raba tambaya ɗaya ga ma'aikata da yawa. MySQL sai a 8.0.18, cikin 2019, ya sami haɗin hash, ɗaya daga cikin hanyoyin nan uku, kuma a wannan sigar ce ya sami EXPLAIN ANALYZE, umarnin da ke nuna maka abin da ya faru a zahiri maimakon abin da rumbun ya yi hasashe. Ya matso sosai, amma bai kamo ba.

Kayan fihirisar PostgreSQL ma sun fi yawa. Wadda na fi ƙauna ita ce fihirisar ɓangare. Ka ce kana da oda miliyan biyar, waɗanda ba a biya ba kuma ba su wuce dubu uku ba, kuma su ake nema kullum. Sai ka gina fihirisa a kan waɗanda ba a biya ba kaɗai, 'yar ƙarama da ba ta barin ƙwaƙwalwa. MySQL ba shi da wannan. Akwai BRIN don manyan teburan da ke taruwa bisa lokaci, akwai GIN don bayanan JSON, akwai kuma pg_trgm, wanda duk mai riƙe da rajistar sunayenmu zai gode masa. Mutum ɗaya an rubuta shi Muhammad a fom ɗin shiga, Muhammadu a rasit, Mohammed a katin shaida. Neman guntun suna a tsakiyar rubutu ba ya amfani da fihirisa ta yau da kullum a ko wanne cikin biyun, amma pg_trgm yana gutsuttsura kalma harafi uku-uku, ya samo maka masu kama da juna cikin sauri.

Abu ɗaya da MySQL ya ba ka a nan wanda PostgreSQL ya hana: idan mai tsara hanya ya ɓata, kana iya rubuta FORCE INDEX ka tilasta masa. Masu PostgreSQL sun ƙi sa irin wannan a cikin ainihin manhajar, sai dai ka ɗora ƙari irin pg_hint_plan. Hujjarsu ita ce ka gyara alƙaluman da yake lissafi da su ta ANALYZE, kuma galibi suna da gaskiya. Amma da ƙarfe biyun dare, shafi a ƙasa, na san daɗin samun sandar da za ka kora shi hanya da ita.

Kowanne ka ɗauka, ka kunna ma'auni tun ranar farko. A PostgreSQL pg_stat_statements ne, wanda ke tara maka tambayoyin da suka fi cin lokaci a jimlace. A MySQL rajistar tambayoyi masu jinkiri ce, sai dai long_query_time yana zuwa da daƙiƙa 10, wanda ya yi yawa ƙwarai. Ka saukar da shi ƙasa da daƙiƙa ɗaya, ka tace sakamakon da pt-query-digest na Percona. Kuma ka kula, EXPLAIN ANALYZE yana gudanar da tambayar da gaske. A PostgreSQL idan ka yi shi a kan DELETE ba tare da ka buɗe mu'amalar da za ka janye ba, bayanan sun tafi. Idan kuma ka ci karo da tsohuwar shawara ta ƙara girman query cache a MySQL, ka wuce ta, an cire shi gaba ɗaya a 8.0.

Saura maganar wuta, wadda masu rubuta shawarwarin saiti a ƙasashen da ba a ɗauke ta ba sa damuwa da ita. Idan sabarka tana cikin ofis ne a kan infata da janareta, wannan sakin layin naka ne. Za ka ga ana cewa ka mai da innodb_flush_log_at_trx_commit daga 1 zuwa 2 don rubutu ya yi sauri. Zai yi, amma idan wuta ta yanke kana iya rasa cinikin kusan daƙiƙa ɗaya na ƙarshe, wanda an riga an gaya wa abokin ciniki ya shiga. Takwaransa a PostgreSQL shi ne kashe synchronous_commit, inda abin da za a rasa bai kai na daƙiƙa ɗaya ba kuma rumbun ba ya lalacewa. Abin da ya burge ni shi ne PostgreSQL yana barinka ka kashe shi a kan mu'amala ɗaya kaɗai: rajistar waɗanda suka ziyarci shafi ta tafi da sauri, biyan kuɗi kuma ya jira sai faifai ya tabbatar. Amma fsync, saitin da ke tabbatar da rubutu ya sauka a faifai, ina roƙonka, kada ka taɓa shi. Kashe shi na iya lalata rumbun gaba ɗaya a yankewar wuta guda.

To wanne? Idan aikinka gajerun tambayoyi ne masu yawan gaske, nemo layi da lambarsa, canza shi, wuce, kuma mutanenka 'yan PHP ne da suka saba da MySQL, ka zauna a kansa. Ka zaɓi babban mabuɗi da hankali, ka sa utf8mb4 a ko'ina, ka buɗe masa ƙwaƙwalwa. Kada dai ka fara sabon aiki a kan 5.7, tallafinsa ya ƙare tun Oktoban 2023, ga 8.4 nan mai dogon tallafi. Idan kuwa aikin na kuɗi ne, ko makaranta, ko asibiti, ko kanti mai rassa, inda rahoto zai yi yawa kuma kuskuren bayani ya fi jinkiri muni, ni PostgreSQL nake ɗauka, da sharaɗin akwai mutum ɗaya a cikinku da zai ɗauki autovacuum da PgBouncer a matsayin aikinsa, ya riƙa leƙa su kowane mako. Idan babu wannan mutumin kuma kuɗin haya bai fi ƙarfinku ba, ku karɓi rumbun a hannun masu ba da hayarsa da kulawa, ko da yake su ma ba za su gyara muku tambaya mara kyau ba.

Shi kuwa matashin nan, bai yi ƙaura ba. Ya gyara yadda manhajar ke aika lambar waya, muka ɗaga innodb_buffer_pool_size zuwa abin da sabar za ta iya ɗauka, kafin la'asar iyaye suna ganin sakamakon 'ya'yansu. Bayan wata biyu makarantar ta nemi ya gina mata tsarin kuɗin makaranta da albashi, ya zo ya tambaye ni, na ce masa wannan ya yi shi da PostgreSQL, ya fara da karanta babin VACUUM kafin ya zana tebur ko ɗaya.